Yadda Ake Gane Ko Na'urar Adana Giyar Inabi Za Ta Biya Kuɗin Sabulu

Da zarar an zare wa kwalbar giyar inabi matoshi, kwanakinta sun fara ƙirguwa. A daren farko ƙamshinta na tashi, wata ma washegari ta fi daɗi. Zuwa kwana huɗu ko biyar sai ka ji ta salance: jar ta koma ruwan ƙasa-ƙasa, farar ta yi duhu, ga wani wari kamar na tuffar da aka yanka aka manta da ita a faranti. In aka ƙara mata kwanaki sai tsami ya shigo, ta kama hanyar zama ruwan khal.

Na yi shekaru ina aiki a ɗakin cin abinci na otal, inda ake sayar da giya kofi-kofi, kuma kowane dare sai mun tsaya a gaban kwalaben da aka buɗe muna shawarar wacce za ta kwana, wacce za a tuttular. A can na ga na'urorin adanawa iri-iri, daga famfon roba da bai kai kuɗin kwalba ɗaya ba har zuwa mai allura da ke cin ɗaruruwan daloli. Kowacce tana aiki gwargwadonta. Inda mutane ke faɗawa rami shi ne sayen na'urar kafin su san nawa suke asara. Don haka da lissafi za mu fara, na'ura ta biyo baya.

Ka san abokin gabar tukuna

Kashi 21 cikin ɗari na iskar da muke shaƙa oksijin ne, kuma shi ne mai ɓarnar. Yana narkewa a cikin giyar, ya cinye sinadarin salfait da masu haɗa ta suka zuba don kariya, sannan ya taɓa barasar ya mai da wani ɓangarenta wani sinadari mai warin rubabbiyar tuffa. Bayansa akwai ƙwayoyin bakteriya da ke mai da barasa ruwan khal, su ma sai da iska suke aiki. Tun a shekarun 1860 Louis Pasteur na Faransa ya nuna cewa ƙwayoyin halitta ne ke wannan aika-aikar. Zafi kuma shi ke rura wutar duka biyun.

Ke nan duk wata na'ura da za a tallata maka, ɗayan uku take yi: ko ta rage iskar da ke cikin kwalba, ko ta sa wani gas ya tsaya tsakanin giya da iska, ko ta hana iskar shiga tun farko. Idan mai talla ya kasa gaya maka wanne tasa ke yi, ka riƙe kuɗinka.

Giyar ma ba ɗaya ba ce. Ja mai bauri wadda ba ta tsufa ba takan yi kwana uku zuwa biyar ba tare da wata na'ura ba, muddin an toshe ta an sa a sanyi. Fara mai ɗan tsami da mai ruwan hoda sukan kai haka, wasu su ɗan zarce. Waɗanda aka ƙara wa barasa, irin su Port, sai su yi makonni, Madeira kuwa har watanni, don ita tun a wurin haɗa ta aka gasa ta aka bar ta ta sha iska. Tsohuwar kwalba mai shekara ashirin ko talatin ita ce mai raki, wata a cikin 'yan sa'o'i take sukurkucewa. Wadda aka cire wa barasa ma ba ta jure zama, domin an ɗauke mata garkuwa, ita firiji dole ne kuma kwana kaɗan.

Mataki na farko: wata guda kana rubuta abin da ka zubar

Wannan shi ne matakin da kowa ke tsallakewa. Ka liƙa takarda a jikin firiji. Duk kwalbar da aka buɗe, ka rubuta kuɗinta da ranar buɗewa. Duk ranar da ka tuttular da saura, ka auna kofi nawa ne ka rubuta.

Kwalba ta yau da kullum mililita 750 ce, kofin da ake zubawa kuma 150, wato kofi biyar. Raba kuɗin kwalba gida biyar, ka sami kuɗin kofi. A ce kwalbar dala 15 kake saye, kofi ya tashi dala 3. Idan a wata kofi biyu ne ya bi rariya, asararka a shekara dala 72 ce. Idan kofi guda ne kowane mako, dala 156. Wannan adadin shi ne iyakar abin da kowace na'ura a duniya za ta iya mayar maka, kuma ko shi ɗin ba duka ba.

Da yawa a nan suke gano cewa ba su da matsalar da suke neman magani. Gidan da mutum biyu ko uku ke raba kwalba, ba ta wuce kwana biyu. Mai asarar gaske shi ne wanda ke shan kofi ɗaya ya ajiye sai bayan mako, ko mai buɗe kwalba don girki ya ɗebi rabin kofi, ko mai tara masu tsada yana son ɗanɗana su ba tare da ya gama da su ba.

Mataki na biyu: gwada abin da ba ya cin ko sisi

Ka mayar da matoshi nan take bayan kowane zubi, kada ka bari sai an tashi daga tebur. Ka sa kwalbar a firiji, har da jar. Mutane na jin nauyin sa ja a firiji, wai ba a shan ta da sanyi. Haka ne, amma adanawa daban, sha daban: fito da ita minti talatin kafin a zuba, ta dawo hayyacinta. A ƙiyasin da masana sinadarai ke amfani da shi, duk raguwar zafi da digiri 10 na ma'aunin Celsius na rage saurin irin wannan lalacewar da kusan rabi. Tsakanin ɗaki mai digiri 24 da firiji mai digiri 4 ka ga tazarar da kanka. Kuma a tsaye za ta zauna. In ka kwantar da buɗaɗɗiyar kwalba, fuskar giyar da ke haɗuwa da iska ta faɗaɗa ke nan.

Sai dabarar da na fi yarda da ita, wadda ba ta da mai tallata ta don babu ribar da za a ci a kanta. Ka nemi ƙaramar kwalbar gilashi mai marfin murɗawa, mai cin mililita 375, ka wanke ta tas ta bushe, kada ƙamshin sabulu ya rage. Da ka buɗe babbar kwalba, kafin ka zuba wa kowa, ka sa mazurari ka cika ƙaramar har wuya. Ka karkata ta giyar ta bi jikin gilashi a hankali, ban da kumfa, don kumfa iska ce. Ka cika har ya zama babu wurin da yatsa zai shiga tsakanin giya da marfi, ka murɗe da kyau, sai firiji. Rabin da ya rage a babbar shi ne na yau.

Sirrin yana cikin lokacin. In ka bari sai bayan sa'a uku kwalba na zaune a buɗe, an yi ta karkata ta ana zubawa, sannan ka juye saura, ka makara, ta riga ta sha iskar da za ta sha. Da wannan dabarar na sha ajiye rabin kwalba mako guda in same ta kusan yadda na bar ta. Wanda ke shan kofi ɗaiɗai sai ya tanadi ƙananan kwalabe uku ko huɗu masu cin kofi guda.

Saurar da ka san ba za a sha ba kuwa, a zuba a farantin ƙanƙara a daskarar don girki. Ka sake yin wata guda kana rubutu. Abin da ya rage a takardar bayan wannan, shi ne ainihin asarar da za ka kai kasuwa.

Famfon zuƙe iska

Shi ne mafi shahara. Kamfanin Vacu Vin na ƙasar Holan ne ya fito da shi a 1986, yanzu kuma kwaikwayonsa ya cika duniya. Matoshin roba ne da ɗan famfon hannu, kuɗinsa bai cika wuce dala 10 zuwa 20 ba. Ka jiƙa bakin matoshin kaɗan, ka cusa, ka ɗora famfon ka yi ta ja har ka ji ya yi ƙas-ƙas ko ya yi tauri. Ranar buɗewa ka kasa kunne: in ka ji "fusss", ya riƙe. In shiru, iska ta daɗe da komawa, ko robar ta tsufa ko ba ta zauna daidai ba.

Gaskiyar magana, famfon hannu ba ya zuƙe iskar duka, ba ya kuma taɓa wadda ta riga ta narke a ciki. Akwai masu ɗanɗano da ke ƙorafin yana janye ƙamshi tare da iskar. Ni abin da na gani, yana ƙara kwana ɗaya ko biyu a kan abin da firiji ya bayar. A lissafinmu na kofin dala 3, kofi huɗu zuwa bakwai ya ceto ya mayar da kuɗinsa, kuma ba ya neman a sake sayen komai sai roba in ta gaji. Ga mai kwalaben yau da kullum ya isa. Kada dai a ɗauka ya maye gurbin firiji.

Gwangwanin fesa gas, da matoshi mai shan oksijin

Ranar da aka fara miƙo mini gwangwanin nan na girgiza shi na ce an cuce mu, babu komai a ciki. Haka yake, sakayau kamar fanko, domin gas ne zalla babu ruwa. Wanda aka fi sani, Private Preserve na Amurka, haɗin naitirojin ne da kabon dayoksaid da argon, kuma masu shi sun ce gwangwani ɗaya na yin feshi kusan 120. Da ɗan siririn tsinke yake zuwa. Ka zura tsinken cikin wuyan kwalba ya jingina da gilashi, kada ya taɓa giyar, ka fesa dogo sau ɗaya na kamar rabin daƙiƙa, sai gajeru uku ko huɗu, ka toshe da sauri. Saurin toshewar shi ne rabin aikin.

Masu talla na son cewa argon ya fi iska nauyi, sai ya kwanta a kan giya kamar bargo. Nauyin gaskiya ne, amma gas ba ya zama a shimfiɗe, a hankali yake cakuɗuwa da abin da ya tarar. Amfanin feshin shi ne korar iskar da ke ciki, shi ya sa matoshi mai yoyo ke ɓata shi gaba ɗaya. In gwangwani ya kama dala 12, kowane feshi santi 10 ne (santi 100 ne dala ɗaya). A wurina, wannan tare da firiji shi ne ya fi kowanne biyan kuɗin sabulu ga mai son kwalba ta kai mako ɗaya ko ta ɗan wuce.

Akwai kuma matoshi irin na Repour, mai ɗauke da wani ƙunshi a ciki da ke shanye oksijin. Ka ɓare takardar bakinsa, ka toshe, shi ke nan. Kowane ɗaya na kwalba ɗaya ne, sai a yar, kuma yana kaiwa wajen dala 2. A kan kwalbar dala 10 ya yi tsada. A kan ta dala 40 da za a sha a hankali cikin mako biyu, ba laifi. In ka zuba, ka ɗan juya kofin ka jira, don takan fito da ƙamshinta a dunƙule.

Mai allura: a nan ake tafka asara, a nan kuma ake cin riba

Na'urar mai allura, Coravin, ta fito kasuwa a 2013. Wanda ya ƙirƙiro ta, Greg Lambrecht, ɗan Amurka ne mai ƙera kayan aikin asibiti, kuma da ganin na'urar ka san daga inda tunanin ya fito. Siririyar allura ce mai rami ke huda matoshi ba tare da an cire shi ba. Ana tura argon ta cikinta, matsin gas ɗin ya turo giya waje, gas ya zauna a gurbin abin da ya fita. In aka zare allurar, matoshin ya koma ya haɗe, domin ɓawon itacen da ake yin sa da shi yana da wannan halin. Iska ba ta shiga ba ke nan, kwalbar na iya komawa ma'ajiya ta yi watanni, kamfanin ma na cewa shekaru.

Ga yadda ake yi. Kafin komai ka danna kunamar sau ɗaya a gajarce, don gas ya kori iskar da ke cikin allurar. Ka maƙala na'urar a wuyan kwalba, ka danna allurar ƙasa a miƙe. Ka karkata kwalbar a kan kofi kamar mai zubawa, ka danna ka saki, giya za ta fara zuba da kanta. In ta yi rauni ka sake dannawa kaɗan. Sababbin hannu sukan danne kunamar su riƙe, a nan gas ke tafiya a banza. Da ka sami abin da kake so, ka miƙar da kwalbar, ka zare allurar, ka bar ta a tsaye ɗan lokaci kafin ka kwantar, musamman in matoshin ya yi sanyi, don sanyayyen matoshi na jinkirin haɗewa. Ɗigon da za ka gani a samansa ba yoyo ba ne, saura ne daga allura.

Ba kowace kwalba take karɓa ba. Matoshin roba ba ya haɗewa bayan huda. Mai marfin murɗawa sai ka sayi marfi na musamman, shi kuma wata uku ne iyakarsa. Tsohon matoshi da ya bushe yana iya marmashewa ya toshe allura, ko ya nutse cikin kwalba. Ka kuma duba jikin gilashin da kyau: a 2014 kamfanin ya dakatar da sayarwa na ɗan lokaci bayan an sami kwalaben da suka fashe saboda matsi, ya kuma raba rigar da ake sa wa kwalba kafin a huda. Kwalba mai tsaguwa ko ɓalli, kada ka kusance ta da ita.

To, lissafi. Na'urar daga wajen dala 200 take farawa ta yi sama. 'Yar tukunyar gas ɗinta tana kaiwa kusan dala 10, tana zuba kofi 15, wato kusan santi 67 a kowane kofi. Abin da ba a faɗa a talla shi ne, gas ɗin kowane kofi yake bi, har da waɗanda da ma za ka sha lafiya lau ba tare da na'ura ba. Kwalba guda ta ci gas na dala 3 da ɗoriya ke nan. Koma kan kwalbar dala 15: kofi ɗayan da kake zubarwa dala 3 ne, gas ɗin da za ka ƙona don ceto shi ya fi haka. Ko shekara ɗari za ka yi, uwar kuɗi ba za ta dawo ba. An yi gudun gara an faɗa gidan zago.

Yanzu ɗauki kwalbar dala 100. Kofi dala 20 ne. In da ma kofi biyu ne ke lalacewa, ka ceto dala 40, ka cire gas, saura wajen 37. Na'urar da ka saya dala 250 ta biya kanta a kwalba ta bakwai. Kuma akwai ribar da ba ta shiga takarda: mai tara kwalabe yana iya ɗanɗana ɗaya ya ji ko ta nuna ko a ƙara mata shekaru, ko ya zuba wa baƙo iri uku a dare ɗaya ba tare da ya kashe kwalba uku ba. In wannan ne burinka, ka ce shi kake saye, kada ka ce tsimi kake yi.

Dabara ɗaya da ke rage cin gas: in saura kofi biyu kuma ka san a ranar za a shanye, ka zare matoshi kawai. Kamfanin yana da wata ƙaramar, Pivot, wadda ake cire matoshi a sa nata, ta fi araha amma alƙawarinta mako huɗu ne. Allura kuwa a riƙa ɗauraye ta da ruwan ɗumi bayan amfani, in ta toshe a zura mata 'yar wayar da ke zuwa da ita.

Mai kumfa da firijin giya, a taƙaice

Shampen da 'yan uwanta matsalarsu gudun gas ne, matsin cikin kwalbar ya ninka na iskar waje sau biyar zuwa shida. Famfon zuƙe iska a kanta kisan kai ne, kumfar zai janye. Allurar giya mara kumfa ma ba tata ba ce. Matoshin ƙarfe mai maƙale wuyan kwalba, na 'yan daloli, da firiji, za su ba ka kwana biyu zuwa uku. Zancen rataya cokali a bakin kwalba kuwa tatsuniya ce.

Firijin giya na musamman, mai tsayawa a digiri 12 zuwa 14, na kwalaben da ba a buɗe ba ne da za su yi shekaru. Ga buɗaɗɗiya, firijin kicin ya fi shi, don ya fi sanyi. Kada a haɗa lissafinsu.

Mataki na ƙarshe: sa harshenka ya yi alƙalanci

Kafin ka hau daga mai araha zuwa mai tsada, ko ranar da na'ura ta iso tun kana da damar mayar da ita, ka yi wannan gwajin. Ka sayi kwalba biyu iri ɗaya. Ka ɗebi rabin ta farko, ka adana saura ta hanyar da kake son gwadawa, ka rubuta rana. Bayan kwanakin da ka saba ajiye kwalba, biyar ne ko goma, ka buɗe ta biyun sabuwa fil. Ka tabbata sanyinsu ɗaya, don bambancin sanyi kaɗai ya isa ya tona asiri.

Ka fita daga ɗakin, wani ya zuba kofi uku: biyu daga kwalba ɗaya, ɗaya daga ɗayar, ya sa alama a gindinsu inda ba za ka gani ba. Aikinka ka fitar da bare. Ko da ka-cici-ka-cici mutum na dacewa sau ɗaya cikin uku, don haka zagaye ɗaya ba hujja ba ne. Ku maimaita sau huɗu ko biyar, ana sauya tsarin, kana kurkure baki da ruwa a tsakani, ɗan ɗanɗano kawai ka tofar. In ka kasa fitar da baren a kai a kai, hanyar da kake kai ta ishe ka, ko da ƙaramar kwalba ce mai marfin murɗawa. In kuwa kana cafke shi kowane zagaye, kuma tsohuwar ba ta yi maka daɗi ba, sai ka koma kan takardar jikin firiji, ka ninka kofunan da kuɗinsu, ka ga ko adadin ya kai na mataki na gaba.